Yadda Ake Koya wa Yara Bikin Hanuka na Yahudawa a Cikin Aji

Hanuka biki ne na kwana takwas da Yahudawa ke yi a ƙarshen shekarar Miladiyya, galibi cikin Disamba, wani lokaci tun ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da sanyi ya kankama a Ƙudus da Turai da Amurka. Idan makarantarku na da darasin bukukuwan al'ummomin duniya, ko kana koyarwa a ƙasa irin Ingila inda manhajar addinai ta haɗa da Yahudanci, wata rana zai faɗo hannunka. Na sha koyar da shi ga 'yan aji uku zuwa shida na firamare, kuma na tabbata ya fi shiga kan yaro ta hannunsa: ya yanka, ya liƙa, ya ƙirga, ya murza, ya ɗanɗana. Bayanin baki zalla, kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ya zube.

Tsarin da ke ƙasa na darasi biyar ne zuwa shida, kowane minti 35 zuwa 40. Ka rage ko ka ƙara gwargwadon ajinka.

Kayan aiki

Na yara:
- Kwali mai kauri, na taliya ko na sabulu ma ya isa
- Farar takarda, da kuma rawaya ko mai ruwan lemo
- Marafan kwalbar lemo ko na robar ruwa, goma sha ɗaya ga kowace ƙungiya
- Almakashi marar tsini, gam, rula, fensir mai kala
- Guntayen fensir, ko tsinken tsire da aka datse bakinsa
- Wake ko ƙwallon dabino ko tsakuwa, goma ga kowane yaro

Na malami:
- Taswirar Gabas ta Tsakiya, da kalanda mai ɗauke da watannin Miladiyya da na Hijira
- Hoton fitilar Hanuka ta gaske, a takarda ko a waya
- Gwangwanin tumatir wanda aka wanke, auduga, man zaitun ko man gyaɗa, ashana, tiren ƙarfe, murfin tukunya, bokitin yashi, agogo
- Na ranar suya: dankalin Turawa kilo ɗaya, babbar albasa, ƙwai biyu, fulawa, gishiri, mai, abin goga, kyalle mai tsabta, kasko, matsami da risho

Ka sanar da yara maganar marafan kwalba mako guda kafin lokaci. Su za su tara maka, har su yi yawa.

Mataki na 1: Share fage da hedimasta da iyaye

Kada iyaye su fara jin labarin daga bakin yaro. Ka rubuta musu gajeriyar takarda, layi biyar sun isa, ka bayyana cewa aji zai koyi tarihin wani bikin Yahudawa kamar yadda ya koyi na wasu al'ummomi, kuma babu addu'a, babu waƙar ibada, babu kunna fitila da sunan ibada. Ka cika wannan alkawarin. Yahudawa na da addu'o'in da suke karantawa kafin kunna fitilar, to waɗannan nasu ne. Kana iya faɗa wa yara cewa akwai su, amma ba a sa yaro Musulmi ko Kirista ya maimaita su. Wannan mutunta yaron ne, mutunta masu addinin ne kuma, domin ibadar mutane ba kayan kwaikwayo ba ce.

Ka saba wa bakinka da cewa "Yahudawa sun yi imani da cewa" da "a al'adarsu ana". Waɗannan 'yan kalmomin su ne ke raba koyarwa da wa'azi.

Akwai wani abu da sai ka tare shi tun ranar farko. A bakin wasu mutanenmu "Bayahude" zagi ne, ana jifan mayaudari ko marowaci da shi, yara kuwa sun ji a titi. Da ka ambaci sunan, wani zai yi dariya, ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ka tsaya nan take, ba da tsawa ba, ka ce sunan al'umma ne mai yara da tsofaffi da malamai da 'yan kasuwa, kuma a ajin nan ba a mayar da sunan kowace al'umma zagi. Idan ka bari ya wuce ranar farko, duk sauran makon za ka sha fama. Idan kuma akwai yaro Bayahude a ajin, kada ka tashe shi tsaye ya yi bayani a madadin al'ummarsa. In ya so magana da kansa, madalla.

Mataki na 2: Labarin

Nan ne tushe, ka ba shi darasi guda cur. Ka rataya taswira tukuna, yara su nemo Girka, Masar, Siriya da Ƙudus da yatsunsu.

Ga abin da ya kamata ka sani. Alekzanda, sarkin da ya ci ƙasashe daga Girka har bakin Indiya, ya mutu a shekara ta 323 kafin Miladiyya, manyan kwamandojinsa suka raba daular. Zuriyar ɗayansu mai suna Selukas ta mulki ƙasar Sham daga birnin Antakiya, wanda yau ke cikin Turkiyya, kuma wajen shekara ta 200 ƙasar Yahudiya ta shiga hannunsu. A 175 Antiyokus na Huɗu ya hau gadon sarauta. A 167 ya hana Yahudawa kaciya da kiyaye ranar Asabar da riƙe Attaura, aka mayar da Haikalinsu na Ƙudus, wato babban ɗakin ibadarsu, wurin bautar Zus, ubangijin Girkawa. Wani dattijon firist, wato mai hidimar ibada, a garin Modi'in, Mattatiya, ya ƙi bin umarnin, ya haye duwatsu da 'ya'yansa biyar. Da ya rasu, ɗansa Yahuza, wanda ake wa laƙabi da Makabi, ya ja ragamar mayaƙan. A 164 suka ƙwato Haikalin, suka tsarkake shi, suka gina sabon bagade, wato wurin miƙa hadaya, suka sake keɓe shi ga Allah ran 25 ga watan Kisleb na kalandarsu, aka yi kwana takwas ana murna. Wannan ɓangaren yana cikin littattafan Makabiyawa na ɗaya da na biyu, waɗanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da na Otodoks.

Sai ɓangare na biyu, wanda yara suka fi so. Talmud, babban kundin malaman Yahudawa da aka harhaɗa a ƙasar Babila ƙarnuka da dama bayan aukuwar abin, ya ce da suka shiga Haikalin ba su sami man zaitun mai tsarki ba sai tulu ɗaya tak, da hatimin babban firist a bakinsa. Na kwana ɗaya ne, amma da aka kunna sai ya yi kwana takwas yana ci. Ka raba wa yara waɗannan biyun a fili: ga abin da marubutan tarihi suka rubuta kusa da lokacin, ga kuma mu'ujizar da Yahudawa suka gada daga malamansu. 'Yan aji biyar da shida suna gane bambancin sarai, suna kuma jin daɗin an ɗauke su masu hankali.

Aikin yara: ka rubuta labarin a kati shida, jimla ɗaya a kowane kati. Sarki ya hana addini; an ɓata Haikali; Mattatiya ya ƙi; Yahuza ya ja mayaƙa; an tsarkake Haikali; mai ya yi kwana takwas. Ka cakuɗa katunan, kowace ƙungiya ta jera su daidai, sannan kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya zana hotonsa.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne shekarun. Yaro ya saba 167 ta fi 164, don haka zai ce an tsarkake Haikali kafin a ɓata shi. Ka ja dogon layi a allo, ka sa alamar farkon Miladiyya a dama, ka nuna yadda lambobi ke raguwa yayin da ake matsowa gare ta. Sau ɗaya ka yi, an wuce wurin.

Ban ba da shawarar wasan kwaikwayo a nan ba. Dole wani ya zama mugun sarki, wani ya yi kamar yana rusuna wa gunki, sauran kuma su ɗauki rula su fara yaƙi, sunan "Antiyokus" ya bi wani yaro har ƙarshen zango. Katunan sun wadatar. Ga manyan yara kuwa, ka ƙara musu cewa rikicin ba na Yahudawa da baƙi ba ne kawai: a cikin Yahudawan ma akwai waɗanda suka rungumi al'adun Girkawa, akwai waɗanda suka ƙi, kuma wannan saɓanin na daga cikin abin da ya hura wutar.

Mataki na 3: Me ya sa ranar ke motsi?

Wannan minti goma sha biyar ne, ka haɗa shi da farkon darasi na biyu. Ka rubuta a allo: a 2023 an fara da yammacin 7 ga Disamba, a 2024 da yammacin 25 ga Disamba, a 2025 da yammacin 14 ga Disamba, a 2026 da yammacin 4 ga Disamba. Ka tambaye su me suka lura.

Watannin Yahudawa na bin tsayuwar wata, rana kuma daga faɗuwar rana take farawa. Yaron da ya san kalandar Hijira zai ce ai haka namu yake. Sai ka nuna masa inda suka rabu: shekarar Hijira na kasa ta Miladiyya da kamar kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani, amma Yahudawa na ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19, sai bukukuwansu su tsaya a lokacinsu. Don haka Hanuka ba ta barin sanyi, sai fa a ƙasashen kudancin duniya irin Afirka ta Kudu da Ajantina, inda Disamba lokacin zafi ne.

Mataki na 4: Haɗa fitilar

Fitilar bikin sunanta hanukiya, mai gurbi tara. Takwas na dararen bikin ne, na taran shi ne shamash, kyandir mai hidima wanda da shi ake kunna sauran. Kuskuren da na fi gani a bangon azuzuwa shi ne a liƙa hoton fitila mai reshe bakwai. Waccan menora ce ta Haikali, ba ta Hanuka ba. Ka ƙirga rassan kowane hoto kafin ka buga shi.

Ka raba yara huɗu-huɗu, su bi wannan:

1. A yanka kwali mai tsawon santimita 40, faɗin 8.
2. A ja miƙaƙƙen layi a tsakiya da rula, a sa ɗigo tara, tsakanin kowane biyu santimita 4.
3. A liƙa marfi ɗaya a kan kowane ɗigo, bakinsa na kallon sama. Na tsakiya a ɗora marafa uku, biyu a kife, na ukun a buɗe, don shamash ya fi sauran tsawo.
4. A naɗe farar takarda a jikin fensir, a liƙe gefen, a zare fensirin. Kyandir ɗaya ke nan. A yi tara.
5. A yanka harsunan wuta tara da rawayar takarda, kowane da 'yar jela da za ta shiga bakin kyandir.

Takwas ɗin dole su kasance a layi ɗaya, tsawo ɗaya. Yara na son su jera su kamar matakala ko su yi da'ira, ka ce musu a'a, don mai wucewa ya iya ƙirga dare na nawa ake da kallo ɗaya. Idan kyandiran na faɗuwa, a cusa ɗan curin takarda ko yumɓu cikin marfin. Idan gam bai kama roba ba, a goge gindin marfin da yashi ya yi kaushi, ko a yi amfani da salatif.

In babu marafa, yumɓu ya fi kyau ma. A mulmula shi dogo, a daddanna ƙasansa ya zauna, a huda gurbi tara da gindin fensir, a ƙara tudu a na shamash. A shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Idan aka kai shi rana, ga iskar hunturu, zai tsattsage.

Fitilar kwali ba a kusantar da ita da wuta. Ka faɗi wannan da babbar murya, ka sake faɗa ranar da za su tafi da ita gida.

Yanzu sai tsarin jerawa, kuma nan ne daɗin darasin. Idan kana fuskantar fitilar, a daren farko ana sa kyandir ɗaya a can ƙarshen dama. Dare na biyu a ƙara sabo a hagunsa, haka har takwas. Amma wajen kunnawa da sabon ake farawa, wato daga hagu a nufi dama. Ka riƙa kiran dare, "dare na biyar!", ƙungiyoyi su jera kyandir su soka harsunan wuta bi da bi. Za ka ga hannaye na rikicewa a na uku da na huɗu, zuwa na shida sun gane. Ka ƙara musu da cewa a gidajen Yahudawa ana kunnawa bayan faɗuwar rana, ta yi aƙalla rabin awa tana ci, ana ajiye ta a taga ko bakin ƙofa don na waje su gani, kuma ba a karatu ko wani aiki da haskenta, abin da ya sa ake da shamash ke nan. Ran Juma'a kuwa tun kafin rana ta faɗi ake kunnawa, domin ba sa kunna wuta da shigar Asabar.

Sai lissafi. Kyandir nawa gida ɗaya zai ƙona a dare takwas? Ka bar su su yi ta tarawa: 1 da 2 da 3 har 8, ya ba da 36. Yawanci a nan suke tsayawa, sun manta da shamash, wanda sabo ake sawa kowane dare. A ƙara 8, ya zama 44, kuma haka ake sayar da kwalin kyandiran Hanuka, 44 a ciki. Wanda ya gama da wuri ka nuna masa gajeriyar hanya: 1 da 8, 2 da 7, 3 da 6, 4 da 5, tara sau huɗu.

Ga 'yan aji shida akwai muhawara mai kyau. Makarantu biyu na malaman Yahudawa na dā sun yi saɓani: mutanen Shammai suka ce a fara da takwas a riƙa ragewa, mutanen Hillel suka ce a fara da ɗaya a riƙa ƙarawa, domin abu mai tsarki ƙaruwa yake yi, ba ya raguwa. Ra'ayin Hillel ake bi har yau. Ka tambayi yara wanne ya fi musu ma'ana da dalili, sannan ka tambaye su wanne ya fi cin kyandir. Da yawa za su rantse na Shammai ne, sai sun tara su ga duka 36 ne.

Mataki na 5: Gwajin mai

Yaran da suka tashi da tocila da fitilar caji ba su san mai na ƙarewa a fitila ba, don haka labarin tulu ɗaya ba ya girgiza su. Wannan gwajin ne ke gyara hakan. Malami kaɗai ke taɓa kayan.

Ka murza auduga ta zama siririn lagwani, ka jiƙa shi da mai tun daga sama har ƙasa. Ka zuba mai cokalin shayi ɗaya a gwangwani marar zurfi, ka kwantar da lagwanin, kansa ya ɗan leƙo a gefe. Ka ɗora a tiren ƙarfe a kan teburinka, nesa da labule da takardu, ka rufe tagar da iska ke shigowa. Kafin ka ƙyasta ashana, kowane yaro ya rubuta hasashensa na minti nawa za ta yi. Ka ja layi da alli a ƙasa, taku uku daga teburin, ba mai tsallakewa. Ka kunna, yaro ɗaya ya riƙe agogo, ku ci gaba da wani aikin kuna lura. Idan ta mutu a rubuta lokacin, a ninka sau takwas, su ga tazarar da labarin ke magana a kai.

Busasshen lagwani ƙonewa yake yi cikin daƙiƙu ya bar man, wannan ne ke ɓata gwajin ga masu farawa. Kananzir ko fetur kuwa ko kusa. Idan wuta ta kama man, ba a watsa ruwa, a kife murfin tukunya a kai ko a zuba yashi. Idan dokar makaranta ta hana wuta a aji, ka yi a gida ka ɗauka da waya, yara su yi hasashen kafin ka nuna musu.

Ka kiyaye kada gwajin ya koma kotu. Ba don a gaskata mu'ujizar ko a ƙaryata ta aka yi shi ba. In yaro ya ce "Malam, to da gaske ya faru?", ka ce Yahudawa masu riƙo da addini haka suka yi imani, kuma abin da muke koyo shi ne dalilin da ya sa suke kunna fitila dare takwas.

Mataki na 6: Wasan diredil

Diredil ɗan katantanwa ne mai fuska huɗu, da Ibrananci ana ce masa sebibon. Kowace fuska da harafinta: נ nun, ג gimel, ה he, ש shin. Farkon kalmomi huɗu ne na jimlar da ke nufin babbar mu'ujiza ta faru a can. A Isra'ila ana sa פ pe a maimakon shin, don a ce a nan. Yaran da ke zuwa makarantar allo za su ji sunayen sun yi kama da nun, jim, ha da shin, kuma sun yi gaskiya: Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, duka daga dama ake rubuta su.

A yanka kwali murabba'i, santimita 6 kowane gefe. A ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, a sami gida huɗu, a rubuta harafi ɗaya a kowane. Inda layukan suka haɗu, malami ya huda da ƙusa, a soka guntun fensir, bakinsa ya fito ƙasa kamar santimita 2. A murza. Gefen da ya kwanta a tebur shi ne ya fito. Ka zana haruffan manya a allo, ka nuna musu cewa gimel na da 'yar ƙafa a ƙasa ta hagu wadda nun ba ta da ita, domin nan ake rikicewa.

Kowa na da wake goma. Kowa ya sa ɗaya a tsakiya, sai a riƙa murzawa bi da bi. Nun, ba ka ɗauka ba ka sawa. Gimel, ka kwashe duka. He, ka ɗauki rabi, in bakwai ne ka ɗauki huɗu. Shin, ka ƙara ɗaya. Duk lokacin da tsakiya ta zama wayam, kowa ya sake sa ɗaya. Ka yanke minti goma, in ba haka ba wasan ba ya ƙarewa.

Wasu iyaye za su ce wannan ai caca ce, kuma damuwarsu abar saurare ce. Saboda haka ba kuɗi, ba alewa, ba abin da wani zai tafi da shi gida; waken na makaranta ne, kuma kwano ɗaya zai koma. Idan duk da haka hankali bai kwanta ba, ka bar wasan ka mayar da shi lissafi: kowace ƙungiya ta murza sau 40, ta rubuta sau nawa kowane harafi ya fito. Ya kamata kowane ya kusanci 10. Ƙungiyar da harafi ɗaya ya fito mata sau 25, ta duba hudarta, ba ta tsakiya ba ce. In babu kwali mai kyau, ɗan ludo ya isa: 1 nun, 2 gimel, 3 he, 4 shin, 5 da 6 a sake jefawa.

Mataki na 7: Suya

Saboda labarin mai, abincin Hanuka soyayye ne. Yahudawan Gabashin Turai na yin latke, wainar gogaggen dankali. A Isra'ila sufganiya ta fi yawa, fanke mai jam a ciki. Yahudawan Maroko na soya sifinj, wani irin fanke. Latke ya fi sauƙi a makaranta.

Kafin komai ka binciki ko akwai yaron da gyaɗa ko ƙwai ke tayar wa da rashin lafiya. Yara su wanke hannu, su wanke dankalin, manya daga cikinsu su goga shi tare da albasar, kana tsaye a kansu. A juye a kyalle a matse sosai, kamar mai matsar ƙuli-ƙuli, har ruwan ya daina ɗiga. Wannan matsar ita ce sirrin: jiƙaƙƙen dankali yana sa mai tartsatsi, wainar kuma ta dagargaje. A zuba ƙwai biyu, fulawa cokali uku, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a juya. Kada a bari ya jira, gogaggen dankali na yin baƙi da wuri.

Suyar taka ce kai da wani babba, a waje ko a kicin, yara na bayan layi. Mai ya kai kaurin yatsa a kasko. Ka jefa ɗan ƙwayar haɗin, in ya yi cuwa nan take, ya yi zafi. Ka riƙa ɗiban cokali ɗaya kana baje shi da bayan cokalin, minti uku zuwa huɗu kowane gefe har ya yi ja, a tsame a takarda. Kilo ɗaya na ba da ƙanana wajen ashirin. Su da kirim mai tsami ko dafaffiyar tufa suke ci, kindirmo ya tsaya a madadin. In babu dankalin Turawa, na Hausa ma yana yi. In babu halin suya gaba ɗaya, ka sayo fanke ka tsaga ka sa jam.

Yayin da suke ci ka tambaye su ko Yahuza Makabi ya taɓa cin latke. Bai taɓa ba. Dankali daga Kudancin Amurka ya fito, bai isa Turai ba sai bayan shekara ta 1500.

Mataki na 8: Tambayoyin da za su zo

"Kirsimetin Yahudawa ce?" A'a. Lokaci ne kawai ya kusanto su, abin da ake tunawa ya girmi Kirsimeti. Kuma ba ita ce babbar ranarsu ba. Yom Kifur, ranar azumi da neman gafara, da Idin Ƙetarewa sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba, a Hanuka ma ana zuwa aiki.

"Haikalin yana nan?" Rumawa sun rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya.

"Su ne ke yaƙi da Falasɗinawa?" Wannan za ta zo, kuma yaron da ya yi ta ba rashin kunya ya yi ba, abin da yake ji a rediyo ne ke damunsa. Kada ka gwale shi. Ka ce tambayar mai nauyi ce, wahalar mutanen da yaƙi ya shafa gaskiya ce, kuma ta cancanci nata darasin. Sannan ka nuna masa a layin shekarun da ke allo cewa labarin Hanuka ya riga kafa ƙasar Isra'ila a 1948 da fiye da shekara 2,000. Ka buɗe taswirar duniya ya ga inda Yahudawa ke zaune: Amurka, Faransa, Kanada, Ingila, Ajantina, Iran, Maroko, tsibirin Jarba na Tunisiya, har Najeriya akwai masu bin Yahudanci, musamman cikin Ibo. Gwamnati daban, yarinyar da ke murza diredil a gidan kakarta daban. Ina ɗaukar wannan minti biyar ɗin da muhimmanci fiye da duk yanke-yanken kwalin.

Mataki na 9: Auna abin da ya zauna

Ba sai an yi jarrabawa ba. Ka ba kowane yaro rabin takarda ya zana hanukiya a dare na shida, ya rubuta jimla biyu kan dalilin kwana takwas, da abu ɗaya da yake son ƙarin sani. Zanen kaɗai zai gaya maka komai: gurbi tara ne, kyandir shida daga dama, shamash ya ɗara sauran? Idan rabin aji sun zana gurbi bakwai, ka koma mataki na huɗu.

Idan darasi ɗaya tak aka ba ka, ka yi labarin da katunan cikin minti goma sha biyar, ka zana fitilar a allo ku yi jerawa da lissafin 44 cikin minti goma sha biyar, sauran lokacin ka bar wa tambayoyi. Katunan labari da marafan kwalba ka zuba a kwali ɗaya ka rubuta suna a jiki don baɗi. Fitilun da yara suka haɗa kuma, ka tambayi iyaye kafin a kai gida. Wanda iyayensa ba su so ba, tasa ta zauna a kan kantar aji tare da ayyukan sauran bukukuwan da kuka koya.